Babi na Biyar: Kwana 21 a Bakin Akurki

A makarantun ƙananan yara na Amurka da Ingila akwai wata al'ada da ake yi duk shekara idan sanyi ya ja baya. Malama takan kawo ɗan injin ƙyanƙyasa aji, ta jera ƙwai a ciki, yara su zuba ido har 'yan tsaki su fito. A Amurka, ƙungiyar matasan manoma ta 4-H, wadda jami'o'in aikin gona na jihohi ke kula da ita, ta daɗe tana taimaka wa makarantu da ƙwai da inji da littafin jagora, kuma ana bin abin tun daga ranar farko har ta 21. A Ingila kuwa akwai kamfanonin da ke ba da haya. Su kawo ƙwan da saura kwana biyu ko uku ya ƙyanƙyashe, yara su ga fitowar, su yi mako guda da 'yan kwanaki suna wasa da 'yan tsaki, sannan a zo a kwashe. Hanya ta biyun ta fi sauƙi, ta fi kuma daɗin ɗaukar hoto, amma a ganina ta zubar da abin da ya fi amfani. Ranar ƙyanƙyasa ranar biki ce, yaro ba zai manta da ita ba. Karatun dai yana cikin kwana 20 ɗin da suka gabace ta, lokacin da babu abin kallo sai ƙwai a kwance, ba motsi ba ƙara. Duk wanda ya gane haka zai ga cewa aikin ya dace da aji ɗaya na firamare a Kazaure ko Maraɗi fiye da yadda ya dace da na Landan, kuma mu ko injin ba ma buƙata.

Abin da ke gudana a cikin ɓawon nan ya isa abin mamaki ko ga babba. Ƙwai na son zafin da bai wuce digiri 37 da rabi zuwa 38 ba, kuma kaza tana riƙe wannan zafi da jikinta dare da rana, tana juya ƙwan da baki da ƙafa don kada abin da ke ciki ya manne da ɓawo. Kafin kwana na uku ya cika, zuciyar ɗan tsako ta fara bugawa. A kwana na bakwai, idan aka haska tocila ta bayan ƙwan a wuri mai duhu, za a ga jijiyoyin jini sun bazu, da wani ɗan baƙin ɗigo, wato idon. Ɓawon da muke ganin kamar a toshe yake yana da dubban ƙananan ƙofofi da iska ke shiga, ruwa ke fita, shi ya sa ƙwai ke rage nauyi da kusan kashi ɗaya cikin takwas kafin ƙyanƙyasa, gurbin iskar da ke ɓangarensa mai faɗi kuma yana ƙara girma. Wannan gurbin ɗan tsako yake fara hudawa ya shaƙi iska, har a ji kukansa tun bai fasa ɓawo ba. Kafin ya fito yakan zuƙe sauran gwaiduwa cikin cikinsa, ita ce guzurin da ke riƙe shi kwana biyu ko fiye ba ci ba sha. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal na ƙasar Girka ya riƙa fasa ƙwai a kwanaki daban-daban yana rubuta abin da ya gani, har da ɗigon jinin nan mai harbawa. William Harvey na Ingila ya bi sahu a littafinsa na 1651, sannan a 1951 Hamburger da Hamilton suka kasa girman ɗan tsako zuwa mataki 46, lissafin da masu bincike ke aiki da shi har yau. Ilimin yadda halitta ke girma a ciki, da ƙwan kaza aka fara shi, domin yana da arha, yana ko'ina, kuma da wuya ya saɓa alkawarin ranarsa.

Wannan cika alkawari shi ne ke mayar da shi allon lissafi. Kowa ya san ajin da yara ke rera ɗaya zuwa ɗari da murya guda, amma idan ka ce wa ɗayansu ya ba ka tsakuwa bakwai sai ya dumbuzo maka abin da hannunsa ya kama. Jerin sunayen lambobi ya haddace, bai riga ya gane cewa kowace lamba tana tsaye ne a madadin wani adadi ba. Idan malama ta zana gida 21 a bango ranar da kaza ta kwanta, kowace safiya yaro ɗaya ya soke gida guda, to kullum akwai lambobi biyu a gaban aji, kwanakin da suka wuce da waɗanda suka rage. Jiya biyar da 16, yau shida da 15, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, jimlarsu ba ta motsi. Tarawa da ɗebewa ke nan a dunƙule, kafin a gaya wa yaro sunansu. Ranar Litinin tambayar ta fi daɗi: ranar Juma'a da muka tashi muna kwana na huɗu, yau muna na nawa? Za a sami masu cewa biyar, domin a tunaninsu ranar da ba a zo makaranta ba ƙwai ma hutu ya yi. Gardamar da za ta biyo baya ta fi shafi uku na lissafin kwafa amfani. Idan aka jera gidajen bakwai-bakwai, yaro zai ga da idonsa cewa mako uku shi ne 21, ya riƙe wannan kafin ya kai ga haddar jadawalin ninkawa. Idan kuma aka bi gefen gurbin iska da fensir a kwana na bakwai da na 14 da na 18, layuka uku za su fito a jikin ƙwan, kowane ya fi na baya faɗi, awo ya shigo ke nan.

Haka abin yake wajen rubutu da karatu. Yaro ɗan shekara shida ba ya rasa bakin magana, abin da yake rasawa shi ne dalilin rubuta ta. Idan abin da ake ba shi kullum shi ne ya kwafi jimlar da malam ya rubuta a allo, zai ɗauka rubutu wani zane ne da ake yi don kada a sha bulala. Amma idan kowane yaro yana da ɗan littafin da yake zana ƙwan a ciki ya sa kwanan wata, da farko zane kawai, daga baya kalma ɗaya, daga baya jimla irin “yau na ga jijiya”, to ya gano amfanin rubutu na asali, wato ajiye abin da ka gani yau don ka kwatanta da na gobe. Ranar da aka yi musu a kan ko ƙwai mai lamba huɗu ya nuna jijiya a makon jiya, sai a buɗe littafi a duba, kuma daga ranar yaro ya san takarda tana tuna abin da kai ya manta. Akwai shaidar bincike a kan yadda sanin abu ke taimakon karanta shi. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba wasu ɗalibai a Amurka labarin wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda, sai ga masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimtar labarin. Yaron da ya yi mako uku yana zancen kwanci da gwaiduwa da ɓawo da baragurbi, idan aka miƙa masa ɗan littafi a kan kaza, ya riga ya ci rabin hanya. Sharaɗin dai shi ne a yi zancen da harshen da yake tunani da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekara shida na firamare, ya nuna ba su yi asarar komai ba har a Turancin kansa. Ba wanda zai iya musu a kan ƙwai da harshen da bai wuce gaisuwa a cikinsa ba.

Amma babban dalilin da ya sa nake ganin ƙimar wannan aiki ya wuce lissafi da rubutu. A yawancin azuzuwanmu duk tambayar da aka yi, malam ya riga ya san amsarta, aikin yaro shi ne ya laluɓo abin da ke kan malam. Yaron da ya yi shekara shida a haka yakan fito da imanin cewa gaskiya ita ce abin da babba ya faɗa, kuskure kuma abin kunya ne da ake ɓoyewa ta hanyar yin shiru. Ƙwai 12 a ƙarƙashin kaza suna kawo tambayar da malama kanta ba ta san amsarta ba: nawa ne za su ƙyanƙyashe? Kowa ya faɗi nasa, a rubuta a bango da sunansa, har na malama. A kwana na bakwai a haska, a ga biyu haske na ratsa su tas, ba jijiya ba ɗigo. Wa ke son ya sauya hasashensa? Wanda ya ce 12 ya koma goma, ba a yi masa dariya ba, yabo ma ya samu domin ya ga hujja ya bi ta. Ranar 21 kuma akurki ne zai yanke hukunci, wataƙila ma wata yarinya da ba ta cika magana ba ta fi malama kusa da daidai. Ka faɗi abin da kake zato, ka duba, ka gyara, wannan shi ne asalin abin da ake kira kimiyya, kuma yaro ba zai same shi daga haddar sunayen sassan jikin kaza ba. Sai an sa shi a inda zai yi kuskure a fili kuma ya kwana lafiya.

Wannan aiki ba zai rasa masu musu ba. Mai musu na farko zai ce wannan ai abin 'ya'yan Turawa ne da ba su taɓa ganin kaza ba sai a firji. Ɗan Bahaushe da kaji ya tashi, me za ka nuna masa? To yaron da ya tashi a gidan haya a Fagge ko Unguwar Rimi ba lalle ne ya taɓa ganin kwanci ba, amma bari mu ɗauki na ƙauye da ya gani sau da yawa. Ya san kaza na kwanci, bai taɓa ƙirga kwanakin ba. Ya san akwai baragurbi, bai taɓa ganin cewa tun mako na farko ana iya gane shi ba. Abin da ya sani shi ne jarin da za a ɗora a kai. Wata masaniyar tunanin yara a Japan, Kayoko Inagaki, ta wallafa a 1990 cewa ƙananan yaran da suke kiwon kifin ado a gida sun fi sauran sanin yadda kifin ke rayuwa, kuma da aka tambaye su a kan kwaɗo, wanda ba su taɓa kiwo ba, sai suka riƙa auna shi da kifinsu suna ba da amsa mai ma'ana. Yaranmu suna zuwa makaranta da irin wannan jari cike da kai, makaranta ta ce su ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Kuma ilimin gidan yana da zurfi. Matan karkara sun san zabuwa ba ta da kirkin reno, shi ya sa da damina suke sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta. Na zabo kuwa yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28. Ga tambaya ga 'yan aji biyu: idan kana son ka haɗa na kaza da na zabo su fito tare, wanne za ka fara sawa, da tazarar kwana nawa? Yarinyar da ta koma gida ta tambayi kakarta, ta dawo da amsa, ta gane cewa kaka ma tana da abin da makaranta ke buƙata. Tun da a gidajenmu kaji galibi dukiyar mata da yara ce, wannan darasi ne da 'yan mata ke shiga da ƙarfinsu.

Musu na biyu ya fi nauyi. Yaranmu da yawa suna kai wa aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, ina lokacin kallon kaza? Gaskiya ne ƙwai ba zai koya wa kowa sautin harafi ba. Wannan sai da darasi mai tsari, kullum, mataki bayan mataki, irin wanda aka gwada da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara. Malamin da ya bar wannan ya koma kiwon kaji ya ci amanar yara. Sai dai abin da ake nema a nan bai wuce minti goma zuwa 15 da safe ba, na mako uku a shekara, kuma minti goman ma ƙirga ce da rubutu. Darasin haruffa yana ba yaro alƙalami, akurki yana ba shi abin rubutawa. Akwai kuma ribar da ba a sa ta a manhaja: yaron da ya san gobe ne ranar haska ƙwai, ko gobe ne layinsa na zuba wa kaza ruwa, yana da dalilin kansa na zuwa makaranta, kuma a inda fashin aji ya zama ruwan dare wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai musu na uku zai ce ina wuta, ina kuɗi, kuma yaya za a yi da aji mai yara ɗari? Game da wuta yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Inji na buƙatar lantarki ba yankewa har mako uku, ɗaukewar dare ɗaya na iya kashe duk abin da ke ciki, kuma makarantar da ba ta da kujeru ba za a ce ta sayi sola don ƙwai ba. Amsar ita ce kazar gida mai kwanci, wadda takan yi ƙwai goma zuwa 15 ta kwanta da kanta, ta riƙe zafi, ta juya, ta kuma reni 'ya'yanta bayan sun fito. Wata uwa daga cikin iyayen yara ta ba da aro, a ɗauke kazar da ƙwanta da dare don kada ta yi ƙyuya, a sa ta a akurki ko tsohon kwando a inuwa, a barbaɗa toka a gurbin saboda ƙwarƙwatar kaji. Ba a cikin aji za a ajiye ta ba, domin hayaniyar yara za ta kore ta daga ƙwan. Sau ɗaya a rana takan tashi ta ci ta sha na ɗan lokaci, a nan ne ake ɗaukar ƙwai a haska cikin kwali mai huda, a mayar da sauri. Yawan yara kuwa sai a kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace rana biyar ko shida su je su gani su dawo su ba aji labari, wanda shi ma darasi ne na tsayawa a gaban mutane a faɗi abin da aka gani ba ƙari. Duk da haka akwai makarantar da ba ta da katanga, ba mai gadi, ba ɗakin da ke kullewa. A irin wannan, kazar ta zauna a gidan maƙwabci mafi kusa a riƙa kai yara, in kuwa hakan bai samu ba a haƙura. Aikin da za a fara a bar wa muzuru da ɓarawo ya fi rashin farawa illa.

Batun cuta ba a yi masa sakaci. Kaji da 'yan tsaki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a jiki da kashi ko da suna da lafiya, ita kuma tana sa gudawa da zazzaɓi. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara biyar su riƙa taɓa su, saboda haka 'yan nazare kallo kawai ya ishe su. 'Yan aji ɗaya zuwa sama kuwa dokar guda ce, buta da sabulu a bakin akurki, duk wanda ya taɓa ya wanke, ba a cin abinci a wurin, ba a kai ɗan tsako kusa da baki. Makarantar da ba ta iya samar da ruwan wanke hannu ba ta shirya ba. Murar tsuntsaye kuma ba labarin nesa ba ce a wurinmu. A jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a nahiyar Afirka cikin Fabrairun 2006, a watan kuma ta ɓulla a Magarya ta Nijar. Duk lokacin da aka ji kaji na mutuwa a gari, ko hukuma ta yi shelar annoba, a ɗage aikin.

Saura mutuwa. Ba duk ƙwai ke ƙyanƙyashewa ba, wani ɗan tsakon ya huda ɓawo ya gaza, wani ya fito da ƙafa a karkace, wani shirwa ta sure shi a mako na biyu. Wasu malamai kan musanya mataccen da dare don kada yara su sani. Ina ganin wannan kuskure ne, domin yaran sun ƙirga, sun sa wa kowane ƙwai lamba, kuma darasin da za su ɗauka shi ne manya na yin ƙarya. A gaya musu ya mutu, a bar mai kuka ya yi kukansa, a binne shi. A cikin hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito akwai labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) kuma yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. A wasu ruwayoyin an bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, yaron na baƙin ciki, aka rarrashe shi. Malamai sun ciro daga nan halaccin yaro ya yi kiwon tsuntsu matuƙar ana ciyar da shi ba a cutar da shi. Ƙungiyoyin kare dabbobi a Ingila da Amurka suna sukar ƙyanƙyasar aji saboda 'yan tsaki na fitowa ba uwa, kuma idan zango ya ƙare ba wanda ke son su, musamman zakaru da birane da yawa suka hana ajiyewa. Sukar tana da tushe, amma kazar aro ta warware rabinta, domin uwa na nan kuma da gidan da za a koma. Zakara kuwa a wurinmu ba ya rasa mai so, kuma yara sun san inda zai ƙare, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Abin da ake bin su shi ne ruwa da tsaki da inuwa muddin yana hannunsu.

Lokacin farawa ma yana buƙatar lissafi. Bazara ba ta dace ba, domin a Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu kan haura digiri 40, ya wuce abin da ƙwai ke jurewa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Da hunturu kuma iska kan bushe ƙwarai, sannan a lokacin ne cutar Newcastle ta fi share kajin gida, ko da yake cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafinta, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Watan Oktoba, ko Yuni bayan ruwa ya sauka, sun fi sauƙi. A duba kalanda kada mako ukun ya faɗa hutun tsakiyar zango ko na salla, a kuma tsayar da wanda zai ba kaza ruwa Asabar da Lahadi tun kafin a fara. Ƙwan da kaza ta fara kwanci a kansa ranar Talata, Talata ta uku zai fito. Tun da wasu kan riga da kwana ɗaya, wasu su makara da kwana ɗaya, Talata ko Laraba ce ta fi tabbatar da cewa ƙyanƙyasar za ta faɗo a ranar da yara ke makaranta.